Shafin da Babu Mai Dubawa

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Komai Lafiya ake ce masa, babba da yaro, kuma yana amsawa. Daga gidan ruwa ya taho da sunan, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da injinan da ke tura wa gari ruwa.

Ɗakin aikin dogo ne mai manyan tagogi. Inji uku ne jere, kowanne a kan dakalinsa na siminti, sai tebur a bakin ƙofa da littafi a kai, da biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa. Duk bayan awa biyu mai aiki zai zagaya, ya duba allurar ma'auni, ya ɗora bayan hannunsa a jikin kowane inji ya ji zafinsa, ya dawo ya rubuta. In lokacin tashi ya yi sai ya ja layi, ya rubuta halin da ya bar wurin, ya sa hannu. Wanda ya karɓe shi ya sa nasa a ƙasa. Ran Litinin injiniya ya zo ya bi shafukan da jan biro.

A shekararsa ta huɗu, wata rana ya rubuta abin da kunnensa ya ji: inji na uku yana gurnani, jikinsa kuma da zafi. Ba a yi mako ba aka zo da babbar mota da sarƙa, aka kwance na uku, aka ce za a kai shi gyara. Har mutumin nan ya yi ritaya injin bai dawo ba. Dakalin ya zauna fayau da ƙusoshi huɗu a tsaye, ma'aikata suna ajiye kwanon abincinsu a kai. Tun daga ranar, duk abin da na ɗaya ko na biyu suka yi, shi da sufana da gwangwanin giris suke kashe maganar a tsakaninsu. In ya zo tebur ya rubuta kalma biyu, ya sa hannu. Injiniyoyi biyar suka zo suka wuce suna karanta kalmomin nan biyu, kuma ruwa bai daina zuwa ba.

Ni katanga ɗaya ta raba mu. Tela yake ce mini, ko da yake na daɗe da rufe keken. Akwai benci a ƙofar gidana, nan muke zama bayan la'asar, kuma ba mu cika magana ba. Abin da zan faɗa rabinsa na gani, rabi shi ya ba ni, guntu-guntu, ba a rana ɗaya ba.

Matarsa Malama ce, ta 'yan aji biyu. Rabin mutanen layin nan a hannunta suka koyi riƙe fensir. Shekara uku ke nan ta fara mantuwa. Da fari makulli ne, sai sunayen jikoki, sai gishiri a shayi. Shi ke dafawa yanzu, shi ke wanki, shi ke tsaya mata har ta haɗiye magani.

'Yarsu nas ce a wani gari, tafiyar awa huɗu a mota, kuma Nas ɗin yake kiranta. Wani zuwa da ta yi, ta sa masa manhaja a waya. Akwatuna ne a jere: maganin safe, abinci, wanka, barci, maganin yamma. A ƙasa akwai fili inda aka rubuta “Bayani”. In ya cike duka, koren tauraro ya fito, waya ta ƙirga masa kwana nawa ya yi a jere bai tsallake ba. In magariba ta yi bai cike ba, sai ta kama ƙara. Duk abin da ya taɓa kuwa, nan take yana wayar Nas.

Ranar da za ta koma ina tsaye a bakin motar. Ta ce masa, “Baba, in abin ya fi ƙarfinka ka rubuta a wurin bayanin nan. Na riga na gyara mata ɗaki a gidana. Rana ɗaya ce, in zo in ɗauke ta.”

Ya ce, “To.”

Na ga ya kalli ƙasa, ya daɗe yana kallo.

Manhajar ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zagaye duk awa biyu, akwati biyar ba komai ba ne. Taurari suka yi ta taruwa. A wurin bayani kuwa, ba sai na faɗi abin da yake rubutawa ba. Nas ta riƙa turo masa hoton babban yatsa.

A kwana na sittin da wani abu, da safe, yana banɗaki Malama ta shirya tsaf, ta ɗauki jakarta ta fita. Ni da shi muka raba layuka. A ƙofar makarantar ya same ta, tana tsaye tana faɗa wa mai gadi cewa ta makara kuma ba a ba ta alli ba. A hanyar dawowa wayarsa ta suɓuce daga aljihu, gilashin ya tsage. Da yamma, ta cikin tsagar nan, ya cike akwatunansa biyar, ya rubuta kalmominsa biyu.

Na ce, “Haka za ka bar shi?”

Ya ce, “Ai ta dawo.”

Amma wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, kuma yakan yi gyangyaɗi a kan benci da kofin shayi a hannu.

Ran nan muka je wurin mai gyaran waya a bakin titi, matata ta zauna da Malama. Mai gyaran mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, mai tumbi da baki, rumfarsa cike da gawarwakin wayoyi. Yana cikin sa sabon gilashi, wayar ta kama ƙara tana tuna maganin yamma tun lokacinsa bai yi ba.

Ya ce, “Baba, wannan ai ta fi matata mita. Wa ya haɗa ka da ita?”

“'Yata.”

“To Allah ya yi mata albarka, na janye.”

Komai Lafiya yana kallon hannun mutumin. Can ya ce, “Akwai irin manhajar da in ka rubuta abu ba ya zuwa wurin kowa?”

“Akwai mana. Baba, ko budurwa aka yi?”

“Kai dai sa mini.”

Ya sa masa. Farin shafi ne kawai, da kwanan wata ƙarami a sama. Ya miƙa masa wayar ya juya baya.

“Sa lamba huɗu, kada ka faɗa mini, kada ka faɗa wa Tela. Kada kuma ka sa shekarar haihuwarka, ko da yake ba na jin akwai wanda ya rage a duniya da ya san ta.”

Daga baya ya gaya mini abin da ya yi da shafin a kwana tara na farko. Kullum sai ya buɗe, ya rubuta lokaci, ya rubuta kalmominsa biyu, ya sa sunansa a ƙasa. Hannu ya riga ya saba. Sai Malama ta yi zazzaɓi, ya yi kwana huɗu bai buɗe ba. A na biyar ya ce in raka shi rumfa.

Ya ajiye wayar a gaban mai gyara. “Abin da ka sa mini ya mutu.”

Mutumin ya duba. “Lafiyarta ƙalau, Baba.”

“Kwana huɗu ban rubuta ba, ko tari ba ta yi ba.”

“Haka aka yi ta.”

“Ba ta ƙirgawa?”

“Ba ta iya lissafi ba, kamar ni.”

“To wa ke dubawa?”

“Babu.”

“Ko ran Litinin?”

Mai gyara ya dube ni, yana neman wanda zai fassara masa. Na ɗauke kai. Ya ce, “Baba, ko ran Litinin, ko ran Laraba. In ka rubuta, ka rubuta. In ba ka rubuta ba, ba ta fushi. Ni da za a samo mini surukai irinta, da na yi ƙiba fiye da haka.”

A hanyar gida muka kai kwanar layinmu. Nan ya tsaya ya ce, kamar da kansa yake, “Ashe ba sai an sa hannu ba.”

Daga nan ne ya fara. Da yatsa ɗaya yake rubutu, a hankali, tabarau a kan karan hanci, wayar nesa da fuska. Wata rana layi biyu. Wata rana ya daɗe har shayinsa ya huce. Wani makon ba ya taɓawa sam. Ban taɓa leƙawa ba, shi ma bai taɓa karkato mini ba. Sau ɗaya na tambaye shi me ake ta rubutawa haka, ya ce ƙadangare ne ya faɗo daga bishiyar gwaiba, Malama ta yi dariya har da hawaye. Na ce wannan ma abin rubutawa ne? Ya ce shi ma bai sani ba, amma babu wanda ya hana.

Ɗaya manhajar kuwa tana nan tana tara taurarinta. Ta wuce ɗari.

Wata safiya ya fito daga kicin da tiren shayi, Malama na zaune a tsakar gida. Ta ɗago ta dube shi, ta gyara mayafi.

Ta ce, “Bawan Allah, wa kake nema?”

Ya ce mai gidan yake nema.

Ta ce, “Yana gidan ruwa, yanzu zai taso. Zauna ka jira shi, ba ya makara.”

Ya ajiye tiren, ya ja kujera ya zauna. Suka jira tare, kusan awa guda. Ta ba shi labarin mijinta, cewa mutum ne marar magana, in ka tambaye shi abu sai ya ce lafiya ko da rigarsa na cin wuta. Can ta dube shi ta ce, “Ka bar shayin ya huce,” da muryarta ta kullum. Wannan ya rubuta shi a farin shafi. A wurin Nas ya tura abin da ya saba.

Bayan kamar mako biyu, muna kan benci, na ga ba rubutu yake ba. Yana ta tura shafukan sama da yatsa, yana karantawa tun daga farko. Na san wannan zaman. Haka mai karɓar aiki yake zama da littafi kafin ya sa hannu, yana bin abin da aka bar masa. Ya daɗe. Masu tallan yamma suka wuce, yaran makarantar dare suka fara fitowa da jakunkunansu.

Ya ce, “Tela, bari in karanta maka layi ɗaya.”

Na ce ina ji.

“‘Yau na yi mata tsawa. Ta ba ni haƙuri, ba ta san me ta yi ba.’”

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Wannan na farkon wata ne. Akwai irinsa bayan kwana goma. Sai bayan kwana huɗu. Jiya ma akwai, da shekaranjiya.” Ya mai da tabarau. “Ni a zatona ita nake rubutawa.”

Ya ɗora wayar a cinya, ya ci gaba.

“Da a littafin wani na ga haka, ba zan karɓi aikin ba. Sai in ce a zo a duba. Kuma wanda ke zafin ba shi ne wanda nake ta ɗora wa hannu ba.”

Aka kira magariba. Muna dawowa daga masallaci wayar ta kama ƙara a aljihunsa. Ya fito da ita, ya cike akwatunan biyar, ya tsaya a kan filin bayani. Sai ya mai da ita aljihu haka nan. Ta yi ƙara ta gaji. Kwana ɗari da goma sha bakwai suka koma sifili, kuma kafin mu kai ƙofar gida Nas ta kira.

Ina kusa, ina jin muryarta. “Baba, ba ka cike ba. Lafiya?”

Ya tsaya a tsakiyar layi. Mai babur ya yi masa oda ya kauce shi.

Ya ce, “A'a.”

Washegari kafin azahar motar Nas na ƙofar gida. Ya aiko in shigo in zauna, wai kada ya fara ya kasa ƙarasawa. Malama tana barci a ɗaki. Ya faɗa wa Nas ƙofar makaranta, ya faɗa mata tiren shayi, ya faɗa mata tsawar. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Nas ta miƙe tsaye. “Wata huɗu, Baba! Wata huɗu ina nuna wa abokan aikina taurarinka, ina cewa ku ga babana. Ashe ƙarya kake shirga mini?”

“Maganin tana sha. Wannan ban yi ƙarya ba.”

“Da mota ta buge ta a hanyar makarantar fa? Me za ka rubuta mini?”

Ta juyo kaina. “Kai ma Baba Tela, da kai aka haɗa baki.”

Na ce e, da ni.

Ta ce gobe da safe za ta tafi da uwarta, magana ta ƙare. Sai a lokacin ya ɗago.

“Na gaya miki ne don ki sani, ba don ki ɗauka ba. Abin da aka ɗauka ba ya dawowa.”

“Wa ya ce maka?”

“Na gani.”

Ta san labarin inji na uku, duk wanda ya tashi a gidan nan ya san shi.

Ya ce, “Ki yi kwana uku tukuna. In kin gama ki yanke, ba zan tare ƙofa ba.”

Ta yi ukun. Abin da ta gani ban san dukansa ba. Na dai san ta ga uwarta tana tashi ta bi bango da hannu har banɗaki ba ta ɓata ba, alhali ba ta san ranar da ake ciki ba. Ta ga in an tashi daga makaranta Malama tana jan kujera bakin taga, yara suna wucewa suna gaishe ta, tana ce musu su gyara maɓallin riga. Gidan Nas a hawa na huɗu yake, tagarsa bangon wani gini take kallo. Ta kuma ga ubanta ya kwanta bayan azahar, da yake akwai mai tsaro, bai farka ba sai da rana ta kusa faɗuwa.

A rana ta uku ta zauna da shi. Malama za ta ci gaba da zama a ɗakinta na nan gida. Za a sami mace ta riƙa zuwa daga safe zuwa azahar, a rataya ƙararrawa a ƙofar waje, ita kuma Nas ta riƙa zuwa duk mako biyu. Ba ta ce har abada ba, shi ma bai nema ba. Ta kashe ƙirgar kwanakin da ƙarar magariba. Sharaɗinta ɗaya ne, filin bayanin nan ya riƙa ɗaukar abin da ya faru.

Ya ce, “Zan koya.”

Tana haɗa jakarta ta ce, “Baba, mai gyaran waya ya ce akwai wata da kake rubutu a ciki.”

“Bakinsa ba ya rufuwa.”

“Ba ni in gani. Zai taimake ni in san yadda jikinta yake tafiya.”

“Abin da ya shafe ki na faɗa miki da bakina.”

“Ni fa nas ce.”

“Na sani, ni na kai ki makarantar. Wannan ba na miƙa aiki ba ne.”

Ta tsaya tana kallonsa, hannunta a miƙe. Sai ta sauke shi, ta yi 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu. “To ka dai riƙa yi mata caji.”

Yau wata bakwai ke nan. Matar tana zuwa, mai faɗa ce, ita da shi kullum sai sun yi a kan inda ake ajiye tsintsiya. Ƙararrawar ta yi ƙara sau biyu, duka biyun an tare Malama kafin ta kai kwanar layi. Bayanin da yake tura wa Nas har yanzu gajere ne, amma wata rana ta kira ni tana cewa ya rubuta mata “yau da wuya”, wai ta rasa ko ta yi kuka ko ta yi murna. Jikin Malama kuwa ba zai koma yadda yake a da ba, kowa ya sani.

Jiya bayan la'asar ya fito da wayar, ya sa lambarsa yana kare allon da tafin hannu, kamar ni zan iya gani daga inda nake. Ya daɗe yana kallon farin shafin, yatsansa a sama. Wata mota ta wuce da tankin ruwa tana zubarwa a titi, ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sai ya rufe wayar ya mai da ita aljihu.

Na ce, “Yau babu?”

Ya ce, “Yau babu.”

Daga cikin gida muka ji Malama tana kiran sunayen 'yan ajinta ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa bayan kowanne. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce bari ya je ya amsa mata.